Filin Tambayoyin Masu Karatu: Fita Waje da Sana'ar Kula da Ƙafa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. Mutum yana da hannu a aikin ƙafa, ko wankin gyambo ne ko gyaran farce ko ƙera takalmin majinyata, yana son ya fita waje da sana'arsa, amma bai san ko takardarsa za ta karɓu ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye. Kuɗin rajista da ƙa'idojin biza suna yawan sauyawa, saboda haka kafin a biya ko sisi a leƙa shafin hukumar da abin ya shafa.

Tambaya daga wata nas a Kano: Na shekara tara ina wankin gyambon ƙafa na masu ciwon suga a asibitin gwamnati. Na kuma yi kwas na mako biyu a kan kula da ƙafar mai suga, an ba ni satifiket. Zan iya samun rajista a Ingila a matsayin ƙwararriyar ƙafa?

Amsa: Malama, da wannan satifiket ɗin dai, a'a. Gara ki ji tun kuɗinki suna hannunki.

A Birtaniya fodiyatiri, wato ilimin cututtukan ƙafa da maganinsu, sana'a ce mai cin gashin kanta, ba reshen aikin nas ba. Hukumar HCPC, mai yi wa ma'aikatan fannonin lafiya da dama rajista a can, ke riƙe da rajistarta, kuma doka ta hana kowa ya kira kansa fodiyatiris ko kirofodis, tsohon sunan mai wannan sana'ar, sai in sunansa na cikin rajistar. Wanda ya karya, ana iya kai shi kotu a ci shi tara har fam 5,000. Abin da hukumar ke yi shi ne ta ɗora karatunki a kan digirin da ɗalibansu ke yi: shekara 3 a Ingila, 4 a Sukotland, da kimanin awa 1,000 na aiki a kan majinyata a gaban malami. A cikin wannan digirin gyambo kashi ɗaya ne kawai. Akwai ƙirar ƙafa tun daga ƙugu har yatsu, da yadda nauyin jiki ke sauka a tafin ƙafa in ana tafiya, da auna ƙafa a ƙera shimfiɗar cikin takalmi, da ilimin magunguna, da allurar kashe zafi a gindin yatsa, da fiɗar farcen da ya shige nama a ƙone tushensa da sinadarin fenol don kada ya sake tsirowa a gefen. Shekarun aiki kan cike ƙaramin giɓi a karatu, amma ba sa tsayawa a madadin digiri sukutum.

A ganinmu ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce ta aikin da kike da lasisinsa. Ki nemi rajistar nas a hukumar NMC, mai yi wa nas-nas rajista a Birtaniya: jarrabawar kwamfuta da ake iya yi a nan gida, jarrabawar aikin hannu ta OSCE wadda sai a can ake yin ta, da shaidar Turanci, IELTS maki 7 da sassaucin 6.5 a rubutu, ko OET mai darajar B da C+ a rubutu. In kin shiga, akwai nas-nas da aikinsu ke nan, raunuka masu wuyar warkewa da ciwon suga, kafaɗa da kafaɗa da 'yan fodiyatiri. A nan shekarunki tara za su yi miki rana. In kuwa zuciyarki na kan fodiyatirin kansa, wasu jami'o'in Birtaniya suna da digiri na biyu na shekara 2 da ke kai mutum ga rajista, amma sai mai digirin farko a fannin lafiya ko kimiyya, kuma kuɗin ɗalibin waje ba wasa ba ne. A nahiyarmu, Jami'ar Johannesburg ta daɗe tana ba da digirin shekara 4.

Ko wacce kika zaɓa, tun yau ki buɗe littafin aiki, shugaban sashe yana sa hannu duk wata, ba tare da sunayen majinyata ba. Kada ki rubuta "na wanke gyambo" kawai. Rubuta cewa kin gwada jin ƙafar da zaren gwaji mai giram 10, kin danna shi a ƙasan babban yatsa da gindinsa da gindin ƙaramin yatsa har ya lanƙwashe, kin riƙe kamar daƙiƙa 2, kin kauce wa inda kanta, wato taurin fata, take domin kanta na ɓoye ji. Rubuta ko kin ji bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu, ko kin auna hawan jinin idon sawu kin raba da na dantse. In ya gaza 0.9 jini ba ya isa sosai. In ya haura 1.3, a mai suga sau da yawa jijiyoyin ne suka ƙandare, awon ba abin dogaro ba ne. Mai yi miki intabiyu a can irin wannan bayanin yake son ji.

Tambaya daga wani matashi a Kaduna: Na gama digirin fodiyatiri a Afirka ta Kudu, na yi aiki shekara biyu a can, na dawo gida. Ta ina zan fara neman rajistar HCPC, kuma me ke sa a ƙi mutum?

Amsa: Malam, kai kana kan hanya, sai dai hanyar ta takardu ce, kuma a nan aka fi tuntuɓe.

Ana cike neman ne ta intanet, a biya kuɗin dubawa da ya haura fam 600, wanda ba a mayarwa ko an ƙi ka. Daga nan hukumar ta bi diddigin takardunka, sannan ta miƙa fayil ɗin ga masu tantancewa biyu 'yan sana'ar, su gwada shi da jerin ƙwarewar da ake bukata ga duk mai rajista. Ɗaya daga cikin huɗu ne ke biyowa: su amince, ko su nemi ƙarin bayani, ko su kira ka gwajin ƙwarewa, na baki ko na hannu, ko su ƙi ka.

Takardar da ta fi kowacce nauyi ba kwalin digiri ba ne, fom ɗin bayanin kwas ne, wanda jami'a ke cikewa ta buga hatiminta. Takardar sakamako tana cewa ne kawai ka ci darasi kaza da maki kaza. Masu tantancewa kuwa so suke su ga abin da ke cikin darasin, awa nawa aka yi a aji, nawa a asibiti, da yadda aka jarraba ka. In fom ɗin ya ce "ilimin magunguna" ya yi shiru, za su ɗauka ba a koya maka allurar kashe zafi ba, ko da kuwa ka yi ta sau ɗari. Ka nemi manhajar shekarun da ka yi karatu, ba ta bana ba, ka karanta jerin ƙwarewar nan layi-layi, duk inda fom ɗin bai nuna ba ka roƙi jami'a ta fayyace, ko ka cike da wasiƙar wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Wasiƙar ma kada ta tsaya a "yaro ne mai ladabi da ƙwazo". Ta faɗi irin majinyatan da ka gani, da aikin da ka yi da hannunka ba tare da an tsaya a kanka ba, kuma ta fito daga adireshin imel na ma'aikata, domin za a iya tuntuɓar marubucinta.

Sai matsalar da ta fi cin mutanenmu: suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a kwalin digiri, Moh'd a lasisi. Sunan gari ya bayyana a wannan takarda ya ɓace a waccan, sunan uba ya zama na farko a ɗaya, na ƙarshe a ɗaya. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke Landan mutum uku yake gani. Ka jera takardunka duka a tebur tun kafin ka fara, ka ɗauki fasfo a matsayin ma'auni, abin da za a iya gyarawa a makaranta a gyara, saura a yi masa rantsuwar kotu. Haka ranar haihuwa. Kuma ka karɓo shaidar kyakkyawan aiki daga hukumar HPCSA da ta yi maka rajista a Afirka ta Kudu, amma kada ka yi gaggawar karɓa, don irin wannan takarda tsufa take yi cikin watanni. In an nemi shaidar Turanci, IELTS maki 7 ne, ba ɓangaren da ya gaza 6.5, kuma kada sakamakon ya wuce shekara 2.

Abu biyu da ba a cika faɗa wa mutane ba. Na ɗaya, izinin amfani da magunguna daban yake da rajista. Akwai alamar POM-A ta yin allurai irin na kashe zafi, da POM-S ta ba majinyaci wasu magunguna, kuma ba dole ne su zo tare da rajistarka ba. In babu ta farkon ba za ka yi fiɗar farce ba, asibitoci da yawa kuma suna sa ta cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki, sai ka yi kwas ɗin da hukumar ta amince da shi. Na biyu, rajista ba biza ba ce, ba kuma aiki ba ce. Bayan ta sai neman aiki, galibi a mataki na 5 na albashin NHS, hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya, ko na 6 ga mai gogewa, sannan biza, da gwajin tarin fuka, da takardar 'yan sanda. Rajistar kanta duk shekara 2 ake sabunta ta.

Tambaya daga wata mai shagon gyaran jiki a Jos: Ina gyaran farce, ina kankare kaushi da faso, mata suna yaba hannuna. Wata ƙawata ta ce a Jamus ana neman masu wannan aikin ido rufe. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ƙawarki ta faɗi rabi. A Jamus aikin ƙafa hawa biyu ne. Akwai na ado, a ƙafa mai lafiya: yanke farce, goge kaushi, shafa mai. Wannan ba ya bukatar lasisin lafiya, amma don haka ɗin ne da wuya ya zama dalilin ba mutum bizar ƙwararren ma'aikaci daga Najeriya. Sai na magani, wanda mai yin sa ake kira fodologe, sunan da doka ta killace tun 2002. Shi ne ake nema, domin shi likita ke turo wa masu ciwon suga, inshorar lafiya ta biya. Karatunsa shekara 2 ne cur, awa 3,000, daga ciki 1,000 a wurin aiki, a ƙare da jarrabawar gwamnati.

Tantance takarda a Jamus gwada karatu ne da karatu. Wanda ya yi makarantar da gwamnatin ƙasarsa ta sani, sai ya miƙa takardunsa da fassarar mai fassara rantsattse ga hukumar jihar da yake son yin aiki a cikinta, don kowace jiha da ofishinta. In an ga giɓi a rubuto masa abin da ya rage, ya zaɓi ko horon cike giɓi, wanda kan iya kaiwa shekara 3, ko jarrabawar sani. Ke kuwa da kika koya a shago, ba abin da za a ɗora a ma'auni, duk iyawarki. Hanyarki ita ce ki shiga makarantar daga farko. Za a nemi takardar sakandare da aka tantance, da Jamusanci, a ƙalla matakin B1 don biza, B2 kafin lasisi, kuma makarantu da yawa tun a ƙofa suke neman B2 ɗin. Jihohi da dama sun soke kuɗin makaranta, amma galibi ba a biyan ɗalibi albashi a wannan fannin, saboda haka ofishin jakadanci zai so ya ga kuɗin zama, kusan Yuro 1,000 na kowane wata. Ki fara da harshen. Shi ya fi cin lokaci.

Kafin nan, ga abin da zai amfane ki ko kin tafi ko ba ki tafi ba. Jiƙa almakashi a ruwan kashe ƙwayoyin cuta ba ya wadatarwa ga ƙarfen da ke iya taɓa jini. A wanke shi, a busar, a sa a tukunyar tururi mai matsi, digiri 134 na aƙalla minti 3, aska kuwa kowa da sabuwa. Mai ciwon suga da ta zo da faso mai zurfi, ko yatsa ya sauya launi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya zafi, kada ki sa mata reza, asibiti za ki tura ta. Tana iya yankuwa ba ta ji ba, kuma daga irin wannan ɗan yankan gyambo ke farawa.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Sakkwato: Ina da difloma a ƙera ƙafar roba da takalman gyara, yawancin aikina takalman masu suga ne. Ina son Saudiyya ko Dubai. Wani ya ce in tafi Umara in nemi aiki daga can.

Amsa: Malam, wannan shawarar ka bar ta inda ka ji ta. Bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma ba asibitin kirki da zai sa ka taɓa majinyaci ba lasisi. Ƙarshenta kamu ne da kora da hana dawowa.

A Saudiyya hukumar SCFHS ke rarraba ma'aikatan lafiya ta shafinta na Mumaris Plus, kuma da takarda take rarrabawa: mai difloma ana kiran matsayinsa "fanni" da Larabci, mai digiri "akhissa'i", albashinsu ba ɗaya ba. Kai za ka shiga ne a fannin da ke rubuce a diflomarka, ba a matsayin ɗan fodiyatiri ba, kuma ba laifi, ana bukatar masu wannan aikin a ƙasashen da ciwon suga ya yi katutu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa hukumomin uku ne manya: DHA ta Dubai, DOH ta Abu Dhabi, da ma'aikatar lafiya ta tarayya ga sauran masarautu. Sau da yawa ana neman shekara 2 na aiki bayan kammala karatu, da shaidar kyakkyawan aiki da ba ta wuce wata 6 ba, sai jarrabawar kwamfuta, yawanci ta kamfanin Prometric.

Inda ake daɗewa shi ne DataFlow, kamfanin da ke tuntuɓar makarantarka da hukumar lasisinka da wurin aikinka kai tsaye ya tambaya ko su suka ba da takardar. In saƙonsu ya faɗa akwatin imel ɗin da ba wanda ya buɗe tun bara, rahoto zai fito cewa an kasa tabbatarwa, kai kuma ka zauna jira. Saboda haka kafin ka biya, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin rajistara da ofishin ma'aikata, ka san wane ne ke amsa irin wannan saƙo, ka ba da lamba da adireshin da ke aiki. Ka duba ranakun wasiƙun aikinka kada su hau kan juna ko su hau kan shekarun karatu. Kada kuma ka yarda wani ya ƙara maka ko wata ɗaya a wasiƙa. "An kasa tabbatarwa" ana gyara shi. "Takardar bogi ce" kuwa yana iya rufe maka ƙofar yankin gaba ɗaya.

Tun kafin duk wannan, ka je ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Gwajin lafiyar bizar aiki a ƙasashen nan yana haɗawa da su, kuma ma'aikacin lafiya da aka samu da cutar sau da yawa ba a ba shi izini. In ba ka da nau'in B, ka yi rigakafinsa, allura 3: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Amurka fa?

Amsa: A Amurka ɗan fodiyatiri likita ne mai fiɗa, digirinsa DPM. Sai ka yi digirin farko, ka ci jarrabawar shiga makarantar likitanci ta MCAT, ka yi shekara 4 a ɗaya daga makarantunsu da aka amince da su, ka ci jarrabawar ƙasa ta APMLE, ka yi shekara 3 na horo a asibiti, sannan jiha ta ba ka lasisi. Digirin Birtaniya ko na Afirka ta Kudu ba ya tsallakar da kai wannan. Kanada kuwa kowane lardi da dokarsa. Alberta DPM take nema, Ontariyo kuma ta daina yi wa sababbin 'yan fodiyatiri rajista da wannan sunan tun 1993, a matsayin kirofodis take ɗaukar sababbin shiga. Ka zaɓi lardi tukuna, sannan ka tambayi hukumarsa.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya a Maraɗi: Ina da diflomar gwamnati ta jinya, da Faransanci na yi karatu. Zan iya aikin ƙafa a Faransa?

Amsa: Ɗan'uwa, harshe ya sauƙaƙa maka, takarda ba ta sauƙaƙa ba. A Faransa aikin na mai diflomar gwamnati ce ta shekara 3 a wannan fannin, wanda kuma ya yi rajista da ƙungiyar sana'ar ta ƙasa. Sassaucin tantancewa na masu takardun Tarayyar Turai ne. Mai takarda daga Nijar sai ya nemi shiga ɗaya daga makarantunsu ya yi diflomar, kuma da yawansu masu zaman kansu ne, da tsada. Takardar da cibiyar ENIC-NARIC, mai auna takardun karatu na waje, ke bayarwa matsayin karatunka kawai take nunawa. Tana taimakawa wajen neman makaranta, amma ba lasisin aiki ba ce, kada wani ya sayar maka da ita a haka.

Tambaya daga wani magidanci a Kumasi: Wani ejan ya ce in ba shi kuɗi masu yawa zai samo wa ƙanwata takardar ɗaukar nauyi ta aikin gyaran ƙafa a gidan tsofaffi a Ingila, ba sai da rajista ba. In biya?

Amsa: Alhaji, kada ka biya. Takardar ɗaukar nauyi lamba ce da mai ba da aiki ke fitarwa a kwamfutar gwamnati bayan ya ɗauki mutum aiki, kuma doka ba ta yarda a sayar da ita ba. Dokar Birtaniya ta kuma hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai neman aikin. Ban da haka, Gana da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Mutum yana da damar ya nemi aiki da kansa kai tsaye, ejan ne ba shi da hurumin zuwa ya nemo shi. Hanyar kawo sababbin masu kula da tsofaffi daga waje kuma an rufe ta tun 22 ga Yuli 2025.

Gaskiya ne akwai masu gyaran ƙafa a can da ba su da rajistar HCPC, suna yanke farce da rage kanta bayan gajeren kwas, amma yawancinsu masu zaman kansu ne da suka riga suka sami izinin zama, ba aikin ne ya kai su ba. Ka ce wa ejan ɗin ya ba ka cikakken sunan kamfanin da zai ɗauki ƙanwar taka. Ka nemi sunan a jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da ke shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, kyauta ne. In ka same shi, ka kira kamfanin ta lambar da ke shafinsu, ba wadda ejan ya ba ka ba, ka tambaya ko sun san da wannan gurbin aikin da kuma wannan mutumin.